Masu Koya wa Kwamfuta Ƙirgen Kwana

A cikin kusan kowace wayar zamani akwai wani kundi da mai wayar bai taɓa buɗewa ba, bai ma san da zamansa ba. Kundin lokutan duniya ne, wanda wani Ba'amurke mai suna Arthur David Olson ya fara tarawa a shekarun 1980, Paul Eggert ya daɗe yana kula da shi, tun 2011 kuma yana hannun hukumar IANA. Shi ke gaya wa waya ƙarfe nawa ne a kowane gari. Ƙa'idar masu kundin ita ce, duk garuruwan da agogonsu bai taɓa saɓawa ba tun daga 1970, layi ɗaya ya ishe su. Shi ya sa idan ka nemi Yamai ko Duwala ko Bangi, sunan yana nan, amma Legas zai miƙa ka. Njamena ma agogonta ɗaya ne da na Legas da Kano a yau, ko daƙiƙa babu tsakani. Duk da haka ba a haɗa ta da kowa ba, layinta daban.

Dalili kuwa, kundin ya rubuta cewa daga 14 ga Oktoba 1979 zuwa 8 ga Maris 1980 an tura agogon Chadi gaba da awa ɗaya. Ko wata biyar bai cika ba. Wanda ya san tarihin ƙasar ya san irin lokacin da ake ciki: an zauna sulhu a Kano cikin Maris 1979, aka sake zama a Legas cikin Agusta, aka kafa gwamnatin haɗin kai a ƙarƙashin Goukouni Oueddei, kafin Maris 1980 ya ƙare kuma dakarunsa da na Hissène Habré sun koma ba-ta-kashi a tsakiyar birnin. Mutumin da ke neman inda zai sa kansa ba ruwansa da awa ɗaya. Amma wasu can sun adana ta, saboda ranar da wani zai tambayi kwamfuta ainihin lokacin da jirgi kaza ya sauka ko aka haifi wane a Janairun 1980. Har sun rubuta cewa kafin 1912 lokacin garin ya wuce na Girinwic da awa 1 da daƙiƙa 12. Daƙiƙa 12 ɗin nan ba ado ba ne, garin ne ya ɗan gota layin digiri 15 ta gabas.

Irin wannan ƙwaƙƙwafi shi ne jarin masu sana'ar da nake son yabawa, wato masu rubuta manhajar da ke sarrafa kwanan wata. Aiki ne marar kwarjini. Ba a tunawa da masu yin sa sai ranar da albashi ya faɗo ranar hutu, ko waya ta ce salla gobe alhali jama'a suna filin idi.

Njamena wuri ne da ake ganin wuyar aikin ƙarara, domin kalanda fiye da ɗaya ke aiki a garin kowace ranar Allah. Gwamnati tana rubutu da Faransanci da Larabci. Albashi da kuɗin haya da zangon karatu suna bin Miladiyya. Azumi da salla da zakka da idda suna bin Hijiriyya. Abin ba sabo ba ne ga Hausawan garin. Da yawa daga cikin waɗanda suka kafa zango a nan tun ana ce masa Fort-Lamy alhazan ƙasa ne masu bi ta Abeshe zuwa Sudan, kuma tafiyarsu a kan lissafi biyu take. Zulhajji da wata yake zagayowa, yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, ruwan da ke toshe hanya kuwa da shekarar rana yake zuwa. Madugun da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, ko ya rasa Arfa ko ya maƙale a taɓo.

Duba ranakun hutun ƙasar, za ka ga iri uku ne, ko da yake a takarda launinsu ɗaya. Akwai masu zama daram, irin su 11 ga Agusta ranar 'yancin kai, da 28 ga Nuwamba ranar Jamhuriya, da Kirsimeti. Waɗannan ko ɗan koyo zai rubuta su. Akwai Litinin ɗin Ista, wadda ke yawo, domin Lahadin Ista kan faɗo ko'ina tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. Sai dai yawonta a kan ƙa'ida yake, coci ba ta fita duban wata, jadawali take bi, kuma tun 1800 masanin lissafin Jamus Carl Friedrich Gauss ya fitar da hanyar gano ranar da alƙalami kawai. Kwamfuta za ta ba ka Istar shekara 500 masu zuwa kafin ka ƙifta ido. Sai iri na uku, ƙaramar salla da babbar salla da Mauludi. Nan ne ake gane gwani.

Kafin mu kai can, ga dabarar da komai ke zaune a kanta, wadda ta girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. Gwani ba ya ajiye kwanan wata da siffar kaza ga watan kaza. Kwanaki yake ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya daga wata rana da aka tsayar, ya ajiye lambar tsurarta. Masana taurari suna amfani da ƙirgen da ya samo tushe daga aikin Joseph Scaliger na 1583, wanda ya faro daga shekara ta 4713 kafin haihuwar Annabi Isa. Kwamfutoci masu tsarin Unix daƙiƙoƙi suke ƙirgawa daga 1 ga Janairu 1970. Nachum Dershowitz da Edward Reingold, a littafinsu na lissafin kalandoji da ya fito a 1997, daga ranar farko ta shekara ta 1 Miladiyya suka faro. Mafarin ba shi ne abin damuwa ba, muddin ƙirgen bai san wata ba, bai san shekara ba, bai san addinin kowa ba. Ɗan canji ba ya haddace farashin naira da riyal daban, riyal da sefa daban, sefa da fam ɗin Sudan daban. Ya san kowane kuɗi nawa yake a dala, sauran kuwa lissafi ne. Haka kowace kalanda ake koya mata abu biyu kacal: yadda za ta shiga lambar, da yadda za ta fito daga cikinta. Kalanda 10, idan kowace za a juya ta kai tsaye zuwa 'yan uwanta, hanyoyi 90 za a rubuta. Ta hanyar lambar, 20 sun wadatar.

Mu gwada da ranar 'yancin Chadi. A ƙirgen masana taurari, 11 ga Agusta 1960 ita ce rana ta 2,437,158. Raba ta da 7, saura 3, a wannan ƙirge kuwa saura 3 Alhamis ke nan. Juya lambar zuwa kalandar Habasha, za ta ba ka 5 ga watan Nehase 1952. Juya ta zuwa Hijiriyya, sai ta ce 17 ga Safar 1380. Ko kuwa 18.

Wannan "ko kuwa" ita ce dukan maganar. Hijiriyyar da kwamfuta ta fi saurin fahimta ita ce ta jadawali, wadda masana falaki Musulmi suka daɗe da tsarawa. Wata na ɗaya kwana 30, na biyu 29, haka bi da bi, shekara ta zama kwana 354. A cikin kowace shekara 30 kuma, shekaru 11 ana ƙara wa Zulhajjinsu kwana ɗaya, jimla kwana 10,631. Lissafi ne mai ban sha'awa, sai an yi sama da shekara 2,000 kafin ya kauce wa tafiyar wata na haƙiƙa da kwana ɗaya a matsakaici. Amma har a cikinsa akwai saɓani, wasu suna farawa daga Juma'a 16 ga Yuli 622, wasu daga Alhamis 15, shi ya haifar da 17 da 18 ɗin can. Babbar matsalarsa kuma a fili take. Ramadan wata na 9 ne, saboda haka a wannan jadawali kullum kwana 30 yake yi. Duk wanda ya taɓa kai azumi ya san ba haka abin yake ba.

Saboda haka ma'ajiyar bayanan harsuna da ƙasashe ta ƙungiyar Unicode, wadda Android da iPhone da Chrome duk suke ɗiba daga gare ta, ba ta ce ga kalandar Musulunci guda ɗaya ba. Sunaye biyar ta tanada. Biyu na jadawalin nan ne, mai farawa Juma'a da mai farawa Alhamis. Ɗaya lissafin falaki ne na tafiyar wata. Ɗaya an ware shi ne don ganin watan Saudiyya. Ɗaya kuma Ummul Ƙura ce, kalandar ofisoshin Saudiyya, wadda tun 1423 Hijiriyya sharaɗinta biyu ne: a yammacin 29 ga wata, idan wata ya riga ya haɗu da rana kafin faɗuwarta a Makka, kuma rana ta riga shi faɗuwa, to gobe ɗaya ga wata. Ba a iya taƙaita ta a ƙa'ida gajeruwa, don haka jadawalin tsawon watanni ake cusawa cikin manhaja, shekara bayan shekara. Na yaba wa wanda ya fara cewa a raba sunayen nan. Da an dunƙule su a kira su da suna ɗaya, da kowace manhaja ta riƙa yi wa masu ita ƙarya ba tare da ta sani ba.

Kuma duk biyar ɗin babu wadda ke tsayar da wata a Njamena. Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci ta Chadi ce ke sanarwa. A Najeriya ana sauraron fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, a Nijar majalisar malamansu. Ba kullum bakinsu ke zuwa ɗaya ba. A 2024 Nijar ta yi ƙaramar salla ranar Talata 9 ga Afrilu, Najeriya da Saudiyya suka yi Laraba 10 ga wata. Mutumin Maraɗi da na Katsina, tafiyar 'yan awoyi tsakaninsu, wannan yana cin tuwon salla, wancan yana ɗauke da azumi. Ko a fuskar falaki ma wuri yana da tasiri. Agogon Njamena da na Sakkwato ɗaya ne, amma rana tana faɗuwa a Njamena kusan minti 40 kafin ta faɗi a Sakkwato, kusan minti 26 kafin Kano, domin kowane digiri ɗaya minti 4 ne. Jinjirin wata kuwa ƙara girma yake yi da kowace awa, don haka na yamma ya fi na gabas damar ganinsa.

To ina gwanintar, tunda lissafi ba zai ba da amsa ba? Tana wajen sanin inda lissafi ya tsaya, da barin ƙofa a daidai wurin. Microsoft ta gane haka tuntuni. Hijiriyyar Windows a kan wani jadawali take da suka kira lissafin Kuwaiti, amma sun bar wa mai kwamfuta saiti ya ƙara ko ya rage har kwana 2. Maganin gaggawa ne, kuma yana da illa, domin gyaran da ya dace da Shawwal ɗin bana idan aka shafa shi a kan duk shekarun baya sai ya karkatar da su. Wanda ya ƙware sosai kashi uku yake raba kwanakin. Watannin da suka wuce, ba ya lissafa su, yana ajiye jadawalin abin da hukumar kowace ƙasa ta sanar, na Chadi daban, na Najeriya daban, domin gani ya kori ji, kuma abin da aka sanar ya kori abin da aka lissafa. Watanni masu zuwa yana lissafa su, amma ya rubuta ƙarara cewa hasashe ne. Daren 29 kuwa jira yake yi, ya tanadi wurin da ma'aikaci zai shigar da sanarwa cikin minti ɗaya, ba sai an sake gina manhajar ba. A ganina duk manhajar da ta nuna maka kwanan watan Musulunci ba ta gaya maka na wane ne ba, ba ta gama aikinta ba, kome kyan fuskarta.

Akwai wani tarkon da har ƙwararru ke faɗawa. Ranar kwamfuta da ƙarfe 12 na dare take sauyawa, ta Musulunci kuwa da magariba. Jaririn da aka haifa Alhamis bayan sallar isha'i, a takardar asibiti ɗan Alhamis ne, a wurin liman kuwa daren Juma'a aka haife shi, kwanan watansa na Hijiriyya ya riga ya ƙaru da ɗaya. Yawancin manyan ma'ajiyoyin manhaja da tsakar dare suke juya Hijiriyya, don sauƙi. Wanda ke son daidai sai ya san inda mutumin yake tsaye a doron ƙasa, ya lissafa faɗuwar ranar wurin, sannan ya juya kwanan. Kalanda ta koma tana buƙatar taswira.

Kada a ɗauka wannan duk ƙyale-ƙyale ne. Kuɗi na ciki. Shekarar zakka ta wata ce, kashi 2.5 cikin 100. Kamfanin da ke rufe littafinsa da Miladiyya shekararsa ta fi tsawo da kwana 11, shi ya sa ma'aunin lissafin kuɗi na bankunan Musulunci ya ɗaga kason zuwa kimanin 2.577. Shekara 33 ta Hijiriyya kusan 32 ce ta Miladiyya, kuma lokacin da Saudiyya ta mayar da albashin ma'aikatanta kan Miladiyya a Oktoba 2016, kwanakin nan 11 ne baitulmali ya tsira da su kowace shekara. Ga kuma tambayoyin da kwamfuta ba ta da hurumin amsawa. Bashin da aka ci ranar 30 ga Rajab a kan za a biya bayan wata ɗaya, idan Sha'aban ya yi 29, yaushe wa'adi ya cika? Takaba wata 4 da kwana 10 ce, idan rasuwar ta faɗo tsakiyar wata, da tsayuwar wata za a ƙirga ko da kwanaki? Wannan fiƙihu ne. Mai hankali a cikin masu sana'ar ba ya yanke hukunci a ɓoye cikin manhaja, malamai yake tambaya, idan ya tarar da saɓani ya fito da zaɓin fili.

Wanda ya saba da jiran sanarwar wata ba zai sha mamakin sauran duniya ba. Ma'aikacin Chadi da ke aika takarda Adis Ababa, inda ɗan ƙasarsa Moussa Faki Mahamat ya shugabanci Hukumar Tarayyar Afirka daga 2017 zuwa 2025, zai iya samun rasit mai ɗauke da wata na 13, domin Habasha watanni 12 take da su masu kwana 30, da ƙaramin wata Pagume mai kwana 5 ko 6, kuma sai a Satumban 2007 ta shiga shekararta ta 2000. Manhajar da aka ɗaure a kan cewa wata ba ya wuce 12 nan take za ta ƙi karɓa. Maƙwabciya Libiya, a zamanin Gaddafi, ta koma ƙirga shekara daga wafatin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta kuma sauya sunayen watanni, Yuli ya zama Nasir, Agusta ya zama Hanibal. Gwamnatin ta tafi, takardun da ta buga suna nan a akwatunan mutane. Japan tana ƙirga shekara da zamanin sarki, kuma sunan sabon zamanin Reiwa sai 1 ga Afrilu 2019 aka bayyana shi, ya fara aiki 1 ga Mayu. Masu manhaja sun yi ta gwaji da sunan wucin gadi, Unicode ma ta keɓe gurbin harafin tun ba a san kamanninsa ba.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Maroko. A 2018 ta tsayar da agogonta gaba da na Girinwic da awa ɗaya, amma idan azumi ya zo sai a mayar da shi baya, bayan salla a dawo da shi. Ke nan ya zama dole kundin lokutan duniya ya yi hasashen Ramadan kafin ya iya faɗin ƙarfe nawa ne a Kasablanka. Masu kundin sun lissafa har zuwa 2087, sun kuma riƙa gyarawa duk lokacin da sanarwar gwamnati ta saɓa musu.

Ko sunan wata ma aiki ne. Janairu a Larabcin Masar da Sudan Yanayir ne, a Sham da Iraƙi Kanunus Sani, a Aljeriya da Tunisiya Janfi. Ma'ajiyar Unicode ma ta ware Larabcin Chadi da Faransancin Chadi a matsayin zaɓi na kansu. Shi kuma 03/04, a ofishin Njamena 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris.

Sai matsalar da ba ta kalanda ba ce, ta rashin kwanan watan ce gaba ɗaya. Dattawa da yawa a Chadi da Nijar takardunsu cewa suka yi an haife su wajen shekara kaza, babu wata, babu rana. Wani ma abin da ya sani shi ne da kaka aka haife shi, ko cikin watan azumin tsofaffi, shekarar da aka yi fara. Fom ɗin kwamfuta kuwa ya kafe sai an cika gurbi uku, sai ma'aikaci ya buga 1 ga Janairu ya wuce. Daga nan rumbun bayanai ya cika da mutanen da duk ranar sabuwar shekara aka haife su, ba a kuma iya bambance wanda da gaske ranar aka haife shi da wanda aka ƙaƙaba wa. Gwani yana barin gurbin wata da na rana su zauna fanko, ko ya ƙara wata alama mai nuna cewa ƙiyasi ne, ya kuma adana abin da takardar asali ta faɗa harafi da harafi kusa da lambar da ya juya. Ƙaramin abu ne, amma shi ke hana a ƙi biyan tsoho fanshonsa don takardunsa biyu sun saɓa.

Masu sana'ar suna da ranakun da suke gwada aikinsu da su, kuma duk wanda ya rubuta manhajar albashi ko ta makaranta a Njamena ya kamata ya san su. Akwai 29 ga Fabrairu 1900, ranar da ba a taɓa yi ba amma Excel ya yarda da ita, gadon kuskure daga Lotus 1-2-3. Akwai 2008, shekarar da sabuwar shekarar Musulunci ta shigo sau biyu, a Janairu da Disamba. Mai zuwa ita ce 2030, inda bisa lissafi azumi zai kama a farkon Janairu ya sake kamawa a ƙarshen Disamba, kuma duk rumbun da aka gina a kan cewa kowace shekara Ramadan ɗaya gare ta zai share na farko ya ɗora na biyu. Jadawalin Ummul Ƙura da ke cikin Java ya kai shekara ta 1600 Hijiriyya. Wanda ke cikin .NET na Microsoft a ƙarshen 1500 ya tsaya, wato Nuwamban 2077. Yaron da aka yi wa takardar haihuwa bana a Njamena, idan Allah ya ja kwanansa, sai bayan wannan jadawalin ya ƙare zai cika shekara 60.